Gilashin da ke Bangon Ɗakin Kaka

Tsintsiya ce ta fara taɓa shi. Ina sharar bayan gadon Kaka da safe, bayan ruwan da aka kwana ana yi, sai na ji bakin tsintsiyar ya gogi wani abu ya yi ƙara kamar cokali a jikin kofi. Na janye buhun tsummokaran da ke wurin, na haska fitilar wayata. Wani siririn gilashi ne, bai fi tsawon ɗan yatsana ba, an gicciya shi a kan tsagar bangon nan da muka saba gani, an danne bakinsa biyu da wani farin abu mai kama da alli. A gefensa an yi ɗan zane da fensir.

Na tsuguna ina kallonsa har ƙafafuna suka yi tsami. Mu uku ne kawai muke shiga ɗakin nan: ni, da Kaka, da Baffa. Kaka ba ta iya sunkuyawa. Ni kuma ban sa ba.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Ina goye ya bar Keffi ya tafi Ingila karatun gini, ya zauna can ya ƙi dawowa. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, Kaka ce ta raine ni a ɗakinta, gadona yana fuskantar nata. Sai da mahaifina ya rasu bara sannan Baffa ya sauka, da akwati ɗaya da furfura a gemu. Bai da mata, bai da ɗa, ba ya yawan magana. Idan na kai masa abinci sai ya ce "Sannu, 'yata," ba tare da ya ɗago ba. Iyakar hirarmu ke nan.

Abin da ya sa unguwa ta sa masa ido shi ne aikin da ya yi a can. Duk shekarun nan, wai, wani tsohon coci yake gyarawa tare da masu sassaƙar dutse. Yana zuwa masallaci kamar kowa, amma akwai masu lura da ranar da ya makara. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa ce min a bakin famfo, "Wanda ya daɗe a rumbun barkono ai ba a rasa shi da atishawa." Na yi kamar ban gane ba. Na gane.

Kuma shi ma bai taimaki kansa ba. Mutumin da ba ya magana, da an taɓo cocin nan sai bakinsa ya buɗe. Da yamma yakan zauna a tabarma kusa da Kaka a tsakar gida, ni ina tsintar shinkafa a gefe, ina ji. Ya ce an fara gina shi ɗaruruwan shekaru kafin a kafa garinmu, kuma wanda ya haƙa harsashinsa bai ga rufinsa ba, ɗansa ma bai gani ba, sai jikoki. Ya ce an fara shi da bakunan ƙofa da na rufi masu zagaye da ginshiƙai masu kauri kamar kuka, da tafiya ta yi nisa sai magina suka sauya salo, suka koma yin bakuna masu tsini kamar an haɗa tafin hannu biyu, shi ya sa idan ka shiga ta ƙofa ka nufi ƙurya kana tafiya ne daga kakanni zuwa jikoki.

Kaka ta ce, "Yanzu duk daɗewar nan taka, gini ɗaya kuke gyarawa?"

"Ɗaya, Inna. Kafin mu gama gabas, yamma ta lalace."

"Kai, ku dai malalata ne. Ubanka rani ɗaya ya sa aka tayar da ɗakin nan."

Ya yi dariya, ya nuna mata hoto a waya, ta ce ita ba ta ganin komai sai haske. Ni na gani, don ni ke kai masa wayar caji. Rufin dutse ne can sama, da haƙarƙari suna fitowa daga kan ginshiƙai suna haɗuwa a tsakiya. Abin da ya tayar min da tsigar jiki shi ne na san siffar nan. Ita nake kallo kullum idan na kwanta. Ɗakin Kaka soro ne na ƙasa, irin wanda ya kusa ƙarewa a Keffi. Kakana ya ɗauko magini daga arewa ya yi masa shi da bakan gizo biyu, bakunan ƙasa masu riƙe rufi, da suka gicciya a tsakiya, an ɗaure su da azara, an kafe farantin tangaran a mahaɗarsu. Daga baya aka ɗora masa kwano a bisa saboda ruwan garinmu ba ya wasa. Baffa yakan tsaya a tsakiyar ɗakin ya ɗaga kai ya daɗe, yana motsa baki. Ni a lokacin na ɗauka lissafin abin da zai samu yake yi.

Ya ba da labarin wasu abubuwan da ban so ba. Ya ce a daɓen cocin akwai kaburburan manyansu, mutane suna tafiya a kai da takalma. Ya ce indararonsa fuskokin dodanni ne da aka sassaƙa, ruwan sama yana zubowa ta bakinsu. Ya ce kowane masassaƙi yana da 'yar alamarsa da yake sarawa a jikin dutsen da ya gyara, har yau suna nan. Da na ga zanen fensir a gefen gilashin nan, wannan maganar ce ta fara faɗo min.

Ga kuma maganar gida. A layinmu tsofaffin gidaje suna ta tafiya. A sayar, a rushe, a jera ɗakunan haya na 'yan jami'a da ma'aikatan da ke sammako zuwa Abuja. Gidan da ke manne da namu ta baya ma haka aka yi masa. Ba a raba gadon kakana ba, kuma kowa ya san ba mai taɓa gidan muddin Kaka tana cikin ɗakinta. Ana gobe zan ga gilashin, Baffa ya zo da wani mutum a farar mota. Sun zaga bayan ɗakin, mutumin yana ƙwanƙwasa bango da makullin motarsa, yana girgiza kai. Da na fito zubar da ruwa suka yi shiru.

Don haka ranar ban tsaya wata-wata ba. Na ɗauki hoton gilashin na kai wa ƙawata, wadda muka gama sakandare tare, tana tsare shagon kayan waya na yayanta. Ta buɗa hoton da yatsu biyu ta daɗe tana dubawa.

"Ba kyamara ba ce, ba waya a jiki. Ke, a saitin kan tsohuwa fa aka sa. Kin san kurciya?"

Wa bai san kurciya ba? Asirin da ake yi wa mutum ya ji gidansu ya fita ransa, ya kama hanya ya bi duniya.

Na ce, "Mutumin da ya yi karatu a Turai?"

"Su ne ma. Kin taɓa ganin wanda boko ya hana shi son fili a Keffi? Cire shi da hannun hagu, kada ki bari ya taɓa fatarki, ki jefa a masai."

Na koma gida na gaya wa Kaka, murya ƙasa-ƙasa. Tana jan carbi, ba ta tsaya ba. Ta ce, "Ni idona ya mutu, ban ga komai ba. Amma dai tsaga a bango, 'ya mai hankali yaɓe ta take yi."

Haka kuwa aka koya min. Kowace shekara mu ke yaɓen ɗakin, mu cike duk wata tsaga da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mu shafe da tafin hannu. Barin tsaga a ɗakin tsohuwa abin kunya ne ga 'yar da ke gidan. Na naɗe hannuna da leda, na ɓamɓare gilashin da wuƙa ina karanta duk abin da na haddace, na jefa shi inda ƙawata ta ce. Na kwaɓa ƙasa na yaɓe wurin sumul.

Ba a daɗe ba na sami na biyu, a bayan kwandon tufafi. Na yi masa yadda na yi wa na farko. Na ukun yana sama, daidai inda bakan gizo ya taso daga bango, sai da na taka turmi. Kowane lokaci tsagar da na yaɓe takan sake buɗewa, ni kuma in sake cikawa, ina cewa a raina ƙasar bana ce ba ta da danƙo.

A kwanakin nan ne ɗakin ya fara fita raina. Ƙofar da take rufuwa da yatsa ɗaya ta koma sai na sa kafaɗa. In na tashi da safe sai in ji ƙasa a haƙorana, in ga ta a kan zanen rufata kamar an barbaɗa gishiri. Jeren kwanonin Kaka yakan yi ɗan kaɗawa ba wanda ya taɓa shi. Tsakar da ta daɗe a bayan agogon bango ta ɓace. Da na sa ƙafa a ɗakin sai ƙirjina ya yi nauyi, wani abu yana ce min fita, fita. A tsakar gida lafiyata lau. A kasuwa lafiyata lau. Na gaya wa ƙawata, ta dafe ƙirji.

"Ya fara kama ki. Haka yake yi. Duk yadda kika ji, kada ki fita. In kika fita ya ci nasara."

Sai na ƙara zama a ɗakin. Har abin da nake yi a waje, tsintar wake da guga, na dawo da shi ciki. Ina zaune ina ce wa kaina jarumta nake yi.

Wata safiya Baffa ya fito daga gaida Kaka ya same ni ina wanke-wanke. Ya tsaya a kaina, abin da bai taɓa yi ba.

"Wa yake yaɓe bangon nan?"

"Ni ce, Baffa."

"Gilasan da ke wurin fa?"

Na ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya jawo kujera 'yar tsuguno ya zauna, ya ɗauki tsinken tsintsiya yana zane a ƙasa. Ya ce rufi irin wannan ba ƙasa kawai yake dannawa ba, yana tura bango waje, kamar mutum ya tsaya tsakanin bango biyu ya buɗe hannuwa. Ya ce a cocin da ya yi aiki, shi ya sa aka yi wa bangon matokarai na dutse ta waje, jere, kamar ƙarti sun sa kafaɗa. Ya ce hasumiyarsa daga baya aka ƙara mata tsawo, ginshiƙan da ke ɗauke da ita ba a yi su don wannan nauyin ba, har yau in ka tsaya a gindinsu ka kalli sama za ka ga sun ɗan lanƙwasa. Wasu coci-coci irinsa hasumiyarsu ta taɓa ruftawa. Don haka ba a yarda da ido. Duk inda aka ga tsaga sai a gicciya mata gilashi, a yi alama da fensir a gefensa.

"Ƙasa tana miƙewa, katako yana lanƙwasa, ido yana sabawa. Gilashi ba ya ko ɗaya. In bango ya motsa ko kaurin gashi ne, zai karye. In bai karye ba, tsohuwar tsaga ce, a bar ta. Shi ke nan aikinsa."

Ya ce ɗakin Kaka ma yana da nasa matokarin, wani tudun ƙasa da kakana ya sa aka jingina wa bangon baya. Masu ginin ɗakunan haya sun sare shi don su fitar da kwatarsu, yanzu ruwansu a gindin bangonmu yake kwanciya. Kwanon sama kuma ya huje, ƙasar rufin tana shan ruwa tana ƙara nauyi.

"Ai na gaya wa Inna duk wannan. Na ce ku koma ɗakin bulo na babanki kafin in samo azara da abin tokarewa. Ba ta faɗa miki ba?"

Na ce a'a. Ya kalli ƙofar ɗakin, ya yi ajiyar zuciya, ya tashi.

Maganarsa ta shiga kunnena, amma ga inda ta ƙare: ku fita daga ɗakin. Daidai abin da ƙawata ta ce yana nema. Kuma da bakinsa ya ce a coci ya koyo abin. Na shiga na tambayi Kaka ko ya taɓa yi mata wannan bayanin.

"Yana dai surutunsa na duwatsu, wa ke saurare? Miƙo min goro."

To, wa zan gaskata? Matar da ta goye ni, ko mutumin da bai san ranar da na fara tafiya ba? Ya sake manna wani gilashin a gabana, ya ce in bar shi don Allah. Na bar shi, amma na ce a raina ko ya karye ba shaida ba ce. Wanda ya sa shi ya san yadda zai sa ya karye.

Abin da ya hana ni sakat shi ne tudun nan na bayan ɗaki. Na san shi. A kansa muke zama muna ƙanana muna cin gyaɗa. Na zaga na duba. Babu shi. Sai kwata ta siminti da koren ruwa, gindin bangonmu ya jiƙe ya yi baƙi har gwiwata. Wannan kam ba Baffa ne ya sa shi ba.

Sai na yi abin da ban gaya wa kowa ba, har ƙawata. Ina da wani fasasshen madubin hoda. Na zaɓi siririn ɓari mai tsawo. Na roƙi siminti cikin tafin hannu wurin leburorin da ke aiki a layinmu, na ce murhu zan gyara. Na ɗaga kalandar da ke rataye a saitin gadona, inda wata tsagar ta bi, na kankare yaɓen da na yi har na kai ga tubali mai tauri kamar yadda na ga ya yi, na gicciya madubin na danne bakinsa biyu. Na mayar da kalandar. In nasa ya karye nawa bai karye ba, na kama shi. Abin da nake fata ke nan, Allah ya sani.

Kullum da safe in ɗaga kalandar in ga idona ɗaya a ciki yana kallona.

Ranar da abin ya faru Baffa ya tafi wajen garin Panda tun da safe, ya ce azara zai duba. Na ce a raina masu saye dai zai gani. An fara ruwa bayan azahar, irin mai sauka a tsaye ba iska. Na idar da sallar la'asar ke nan, ina zaune a kan sallaya, Kaka tana gyangyaɗi a gadonta, sai na ji ƙas. Ƙaramar ƙara ce, kamar an karya tsinken ashana. Daga bayan kalanda ta fito.

Na ɗaga ta. Madubin ya rabu biyu. Ba rabuwar ce ta kashe min jiki ba. Ɓari ɗaya ya fi ɗaya tudu, har idona ya kasu, rabi a sama rabi a ƙasa. Na juya na kalli na Baffa. Shi ma ya karye, ban san tun yaushe ba. Ina kallo ƙasa ta zubo siririya daga gefen farantin tangaran ɗin nan na tsakiyar rufi, ba ta tsaya ba.

Ban taɓa kiran lambarsa ba sai ranar. Garin sauri har na kira wani daban na kashe.

"Baffa, ya karye."

"Wanne?"

"Naka da nawa."

Bai tambaye ni wane ne nawa ba. Ya ce, "Ku fita yanzu. Kada ki ɗauki komai. Kada ki ja ƙofar da ƙarfi. Ku tsaya tsakiyar gida nesa da bango. Ga ni nan."

Na tashi Kaka. Na ce ta taso mu fita, ɗakin zai faɗi. Ta gyara kwanciya ta juya min baya.

"Ruwa ake yi, ja'ira. In kin gaji da ni ki faɗa."

"Kaka, wallahi ba wasa nake ba. Bangon yana tafiya. Na gwada da kaina."

"Na sani."

Na tsaya da hannuna a kafaɗarta.

"Tun ran da ya sa na farko ya gaya min. A nan aka kawo ni, a nan na haifi ubanki, a nan aka yi wa kakanki wanka. In na fita ba za su bar ni in dawo ba. Za su ce gyara, gyara ya zama rusau. Ni na gama nawa, inda ajali ya same ni ya same ni."

Wato duk ranakun da nake ɓamɓare gilashi da hannun hagu, tana ji, tana jan carbinta. Ban san lokacin da muryata ta fita ba. Ban taɓa ɗaga mata murya ba a rayuwata.

"Ni fa, Kaka? Ni ma na gama nawa? Kin sani, kika bar ni ina kwana a nan? Kika ce in yaɓe?"

Wani ɓarɓashin ƙasa ya faɗo kan kwanoninta, murfi ɗaya ya gangaro yana juyi a daɓe har ya kwanta. Na ce mata to shi ke nan, ni ma ba inda za ni, na zauna a bakin gadonta. Ta juyo ta kalle ni da idon nan nata da take cewa ya mutu. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Ina takalmana?"

Ban nemi takalma ba. Na durƙusa na goya ta kamar yadda ta goye ni, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ƙofar a buɗe take rabi, ta cije a nan, muka kutsa ta gefe har na goge kafaɗa. Na kai ta rumfar girki, na zaunar da ita a kan turmi, na lulluɓe ta da buhu.

Bai faɗi nan take ba. Muna zaune muna kallonsa cikin ruwa, ɗakin yana tsaye kamar kullum, har na fara jin kunya. Kaka ta ce, "To, ga shi nan. Kin jiƙa ni a banza." Zuciyata ta fara komawa gidan jiya: ko dai siminti ne ya ja madubin? Ko dai an yi min dabara ne ta inda ban sani ba? Har na miƙe zan je in ɗauko mata maganinta da bargo. Ta riƙe bakin zanena. Ta ƙi saki.

Ana gab da kiran magariba muka ji azara tana kuka, wani dogon ƙiii kamar tsohuwar ƙofa. Bangon baya ya buɗe waje a hankali, sai rabin rufin ya bi shi. Ƙarar ba ta kai yadda na zata ba. Wani dum ne mai nauyi da na ji a cikina fiye da kunnena. Kwanon sama ya lotsa ya rufa a kai. Ta inda ƙofa take na hango gefen Kaka yana nan, gadonta da carbinta a kan matashi. Gefena ne babu. Inda gadona yake, da sallayar da na tashi a kai, ƙasa ce jiƙaƙƙiya ta kai ƙirjin mutum, da kan azara a tsaye.

Maƙwabta suka cika gidan, ana ta salati. Har da matar bakin famfo, tana cewa ai ita dama ta daɗe tana ganin bangon nan bai yi mata ba. Aka kai Kaka ɗakin bulo na mahaifina aka sauya mata kaya. Ni aka yi aka yi in shiga, na ƙi. Na ƙi shiga ɗakin, na ƙi shiga zaure, rumfar girkin ma na fita daga ƙarƙashinta. Duk abin da ke da rufi na ƙi shi. Na tsaya a tsakiyar gida ruwa yana dukana, haƙorana suna haɗuwa, ina kallon kowane bango ina ganin kamar yana numfashi.

A haka Baffa ya same ni, an idar da magariba. Tare suke da mutumin nan mai farar mota, bayan motar cike da katako da ƙarafan tokare gini. Ashe abin da suke shiryawa ke nan. Baffa ya kalli ɗakin, ya kalle ni, ya shiga wurin Kaka da gudu. Na jiyo ta tana ce masa, "Kada ka fara min. 'Yarka ta riga ta yi min wankin babban bargo." Ya fito ya tsaya a gabana cikin ruwan, rigarsa ta manne masa a jiki. Na jira ya ce ai na gaya miki. Bai ce ba.

"Me kika manna?"

"Madubin hoda."

"Da me?"

"Siminti."

Ya gyaɗa kai. Ya ce in zo in shiga ciki. Na ce ba zan iya ba, Baffa, shi ma zai faɗi. Bai yi min musu ba. Ya karɓi tocila a hannun abokinsa ya ce in biyo shi, ta waje kawai. Muka zaga ɗakin bulon tare. Ya haska min gindin bangon ko'ina, a bushe yake, ruwa yana gangarewa nesa da shi. Ya haska kusurwoyi, ba tsaga. Ya buɗe ƙofar ya rufe da yatsa ɗaya, ya ce in gwada, na gwada. Daga bakin ƙofa ya haska sama ya nuna min katako da kwano ne kawai, ba ƙasa a kai, ba abin da ke tura bango. Ya kama hannuna ya ɗora a jikin bangon, ya ce in bar shi a nan har sai na gaji.

Akwai wani ɗan layi siriri a filastar gefen taga. Na nuna masa. Ya kankare shi da farce, ya ce fatar sama ce kawai. Da ya ga ban ɗauke idona ba, sai ya laluba aljihunsa ya fito da gilashi ɗaya a naɗe cikin takarda, ya kwaɓa farin garin nan nasa a murfin kwalba, ya miƙo min.

"Sa da hannunki. Ki duba shi duk lokacin da kika so."

Na gicciya shi a kan layin, na danne bakinsa biyu. Da hannun dama.

Daga ciki Kaka ta ce, "Ku shigo ku rufe min ƙofa, sauro na shiga."

Baffa ya kashe tocilar. Ya ce, "Shiga, 'yata. Nan ba abin da zai same ki."